Ku Daina Naɗe Mana Mujallu a Leda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ku da ma'aikatanku baki ɗaya, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, wato ledar nan shara-shara da ake naɗe mujallu da jaridu da ita kafin a aiko su ta gidan waya.

Shekara 27 na yi ina aiki a sashen mujallu na ɗakin karatun wata kwaleji kafin in yi ritaya. Duk Litinin da Alhamis masinja zai dire mini buhun saƙo a gefen tebur, in ɗauki almakashi in shiga farkewa. Mujallun kimiyya, na aikin gona, na likitanci, rahotannin shekara na ƙungiyoyi, kundin tallar littattafai, kowanne da rigarsa ta leda. In buga wa mujalla hatimi, in shigar da ita rajista, in jera ta a kanta, ledar kuwa sai kwandon shara. Lokacin da na fara aiki ba haka abin yake ba. Yawancinsu cikin ambulan mai ruwan ƙasa suke zuwa, wasu kuma an naɗe su kamar tabarma, an yi musu ɗamara da takarda mai ɗauke da adireshi. Waɗannan ambulan ɗin ba ma zubar da su. Mukan liƙa sabon adireshi a kan tsohon mu sake aika wasiƙa da su, ko mu yayyanka su mu riƙa rubuta lambar littafi a kai. A hankali leda ta kore su, har ban san ranar da abin ya juye ba.

A shekarata ta ƙarshe a bakin aiki na ce bari in gane wa idona. Na samo kwali na tura ƙarƙashin tebur, duk ledar da na farke sai in ninke ta in saka. Daga Janairu zuwa Disamba na ƙirga 1,140. Wannan na teburi ɗaya ke nan, a kwaleji ɗaya. Kowace ɗaya daga cikinsu aikinta na 'yan kwanakin tafiya ne kawai, daga maɗaba'a zuwa hannuna, amma za ta fi ni daɗewa a duniya, domin babu ƙwayar halittar da ke cin ta ta ruɓe kamar yadda takarda ke ruɓewa. Rana da iska sai dai su farfasa ta ta koma ƙanana-ƙanana, ta shige ƙasa da ruwa.

Da niyyar alheri na ɗauki kwalin na kai wa wani mai sayen tsofaffin robobi. Ya ɗora a sikeli, duka bai kai kilo biyar ba. Ya zaro ɗaya ya ɗaga ta sama, ya nuna mini farar takardar adireshi da aka manna a jikinta, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Gora da jarka da bokiti nake saye. Wannan ba ta da nauyi, ga takarda da gam a jiki, masu narkawa ba za su karɓa daga hannuna ba." Ban ga laifinsa ba. Daga ranar na shiga karatu a kan abin, kuma abin da na gano shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yawancin ledar mujallu da wani nau'in roba ake yin ta mai suna LDPE, wanda ake samowa daga ɗanyen mai ko iskar gas. Idan kun duba wasu za ku ga ɗan kusurwa uku da lamba 4 a tsakiya. Mutane da yawa, har da ni a da, suna ɗauka wannan tambarin yana nufin za a sake sarrafa abin. Ba haka ba ne. Ƙungiyar masu masana'antun roba ta Amurka ce ta fito da lambobin nan, daga 1 zuwa 7, a shekarar 1988, don a gane irin robar da aka yi kaya da ita. Gorar ruwa 1 ce, jarka 2, ledar tamu 4. Lambar suna ce kawai, ba alkawari ba ce. Gaskiya ne ana iya narkar da lamba 4 a yi ledar zuba shara ko katakon roba na benci da ita, amma sai an tara ta da yawa, a bushe, babu datti, babu takarda. A manyan wuraren tace shara na ƙasashen da suka ci gaba ma ba a maraba da ita, saboda tana nannaɗewa a jikin ƙarafunan injin da ke juyawa, har sai an kashe inji ma'aikata sun hau da wuƙaƙe sun yanke ta. Shi ya sa a wurare da dama ake hana jefa ta a kwandon kayan da za a sake sarrafawa, sai dai mutum ya tara ya kai wani wuri na musamman. Mutum nawa ne zai yi wannan wahala saboda leda ɗaya a wata?

Alƙaluman duniya ma ba su da daɗin ji. Rahoton da ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, wato OECD, ta fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 duniya ta zubar da sharar roba tan miliyan 353, kuma kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. An ƙone kashi 19 a injinan ƙona shara, an binne kusan rabi, sauran kashi 22 kuwa sun ƙare a juji, ko an cinna musu wuta a fili, ko sun bi ruwa. Kashi 40 cikin 100 na wannan shara kayan naɗi ne da na ƙunshi, irin wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Shekaru da dama ƙasashe masu arziki suna loda tasu a jiragen ruwa su tura China, suna lissafa ta a matsayin wadda aka sake sarrafawa, har China ta rufe ƙofarta a Janairun 2018. Sai kayan suka karkata zuwa Malesiya da maƙwabtanta, abin da ya sa aka yi wa yarjejeniyar Basel, wadda ta tsara safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, kwaskwarima a 2019 don a sa wa fataucin sharar roba linzami. A Maris ɗin 2022 ƙasashen duniya suka amince a Nairobi cewa za su tsara yarjejeniyar yaƙi da gurɓatar muhalli da roba ke jawowa, amma zaman da aka yi a birnin Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 ya watse ba a cimma matsaya ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne, wanda ya ce wa mai karatu "ka sake sarrafa ledar" ya ɗora masa kayan da ba shi ya ɗaure ba. Wanda ya zaɓi ledar tun daga maɗaba'a shi ke da ikon cewa kada a sa ta.

Kuma an yi an gani. Mujallar National Geographic, daga fitowarta ta Yunin 2018, ta koma aika wa masu rajista a Amurka da Birtaniya da Indiya cikin naɗin takarda, ta kuma ce hakan zai rage leda sama da miliyan biyu da rabi a kowane wata. A Janairun 2019 jaridar Guardian ta Ingila ta sauya ledar da take haɗa mujallunta na ranar Asabar da wata da aka yi da sitacin dankali, wadda ke ruɓewa ta zama taki. Wasu mawallafan ma sun daina naɗin gaba ɗaya: su buga adireshi a bangon baya, su liƙe bakin mujallar da ɗan manne guda ɗaya ko biyu don kada ta buɗe, shi ke nan.

Cikin waɗannan hanyoyi ba duka na yarda da su daidai ba. Ledar sitaci tana da kyau ga wanda ke da ramin taki, amma a ido ba ta da bambanci da ledar gaske, kuma idan ta shiga cikin robar da za a narkar sai ta ɓata ta. Wasu irinta ma ba sa ruɓewa sai a masana'antar taki mai zafi sosai, idan aka binne su a juji haka za su zauna. Akwai kuma wadda ake zuba wa sinadari a ce wai tana narkewa da kanta a rana, alhali dagargajewa kawai take yi ta zama garin roba, kuma Tarayyar Turai ta haramta irin wannan tun Yulin 2021. Takarda ita ma ba kyauta take ba. Yin ta na cin itatuwa da ruwa da wuta, ta kuma fi leda nauyi a motar ɗaukar saƙo. Sai dai takarda tana da masu karɓa kusan ko'ina, ana iya jiƙa ta a sake yin wata sau da yawa kafin zarenta ya gaji, idan kuma ta faɗi a ƙasa damina ɗaya ta ishe ta. Ba ta toshe magudanar ruwa, dabba ba ta haɗiye ta ta ƙulle mata ciki. A ganina abin da ya fi shi ne a aiko mujalla tsirararta in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a sa ta a takardar da aka riga aka sake sarrafawa.

Na san amsar da za a ba ni, domin na taɓa jin ta daga bakin wani wakilin kamfanin ɗab'i: ruwan sama fa? Tambaya ce mai ma'ana, ba na raina ta. Amma a shekarun ambulan, mujallun da suka iso mini a jiƙe ba su taka kara sun karya ba, waɗanda suka jiƙen ma yawanci buhun ne gaba ɗaya aka bari a waje. Wasiƙun banki da takardun jarrabawa da sammacin kotu duk a takarda suke yawo har yau, ba wanda ya ce sai an sa su a leda. Idan kwafi biyu ko uku cikin dubu suka lalace, a sake aika wa masu su. Wannan ya fi sauƙi a kan a naɗe dubun duka. Kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa ba don ruwa ake sa ledar ba, don ta riƙe takardun tallar da ake cusawa a tsakiyar mujalla ne kada su zube a hanya. Waɗannan takardun ni ban taɓa ganin ɗalibin da ya karanta su ba. Daga leda sai kwando.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da ya fi taɓa mini zuciya. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, injiniya ne, kuma ɗan wata ƙungiyar masu sana'arsa da ke aiko masa da mujalla duk bayan wata uku. Tun yana raye kwafi biyu ke zuwa, saboda an rubuta sunansa iri biyu a rajistarsu. Yau shekara uku da rasuwarsa, har yanzu suna zuwa, biyu-biyu, kowace a ledarta. Na rubuta musu sau biyu, na haɗa da takardar shaidar rasuwa, shiru. Duk ranar da na buɗe akwatin gidan waya na ga sunansa a kan farar takardar nan sai ciwon ya dawo sabo. Na tabbata ba ni kaɗai ba ce. Akwai waɗanda suka rasu, da waɗanda suka tashi daga gida, da ofisoshin da aka rufe, duk ana ci gaba da buga musu ana naɗewa ana aikawa. A nan ba leda kaɗai aka yi asara ba, har da takarda da tawada da man mota da kuɗin kan sarki. Da kowane mawallafi zai zauna sau ɗaya a shekara ya tace jerin sunayensa, ya tambayi mutane ko har yanzu suna so, da sharar da zai rage ta fi wadda kowace irin sabuwar leda za ta rage. Wanda ya fi son karantawa a waya ko kwamfuta a ba shi zaɓi. Ni kam takarda nake so, idona ya saba da ita, kuma ban yarda a ce maganin abin shi ne a kashe bugawa ba, domin akwai dattawa da ɗalibai da yawa da ba su da intanet mai ƙarfi. A buga, amma a buga wa mai so.

Ga 'yan'uwana masu karatu da ledar ta riga ta shigo hannunsu, abin da nake yi ke nan. Ina farke ta a hankali ta gefe ɗaya don ta zama jaka, in adana takardun shaidar makaranta na jikokina a ciki, ko in sa wa littafin da bangonsa ya fara tsufa. Wadda ta yage ina yanke takardar adireshin da almakashi, don sunan mutum bai kamata ya yi yawo a juji ba, kuma sai an cire ta masu narkawa ke karɓa. Sauran in cusa su cikin leda ɗaya har su yi dunƙule mai nauyi. Don Allah kada a ƙone ta a tsakar gida, hayaƙinta na cutar da ƙirji, musamman na yara da masu asma.

Ya Edita, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku ma kuna aika wa masu rajista jarida, kuna kuma fitar da mujallu na musamman lokaci-lokaci. Ina roƙon ku tambayi maɗaba'arku nawa ne bambancin kuɗi tsakanin leda da ɗamarar takarda, ku gwada na wata shida, ku ƙirga kwafi nawa aka dawo da su a jiƙe, sannan ku buga mana sakamakon a wannan shafi, ko da bai goyi bayan maganata ba. Ku kuma sa ɗan layi a ƙasan bangon baya da ke gaya wa mutum inda zai rubuta idan yana son a dakatar da aiko masa, a kuma samu wanda aikinsa ne ya karanta waɗannan saƙonni ya goge sunan. Kwalin nan mai leda 1,140 yana nan a ɗakin ajiyata, na kasa zubarwa, na kuma rasa mai karɓa. Idan wakilinku na son ya gani ya ɗauki hoto, adireshina yana bayan wannan wasiƙa.

Wassalam.

Taku mai karatu,
Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu