Amsa ga Alhajin da ke son sayen ƙaton kare don gadin gida

Assalamu alaikum Alhaji,

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya ka bugo waya ka ce ɓarayi sun haura gidan maƙwabcinka, an kuma yi maka tallan ɗan kwikwiyon Kokeshiyan, wato wani nau'in ƙaton kare na ƙasar waje, kana tambaya ko ka saya. Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, shi ya sa na rubuto a fili, don na san mutane da yawa a Kano suna wannan shawara.

Kar ka saye shi, Alhaji. Asalin karen nan tsaunukan Kokasus ne, wajajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda makiyaya suka rene shi ya kwana cikin ƙanƙara yana kare tumaki daga kyarkeci. Namijinsa in ya girma yakan haura kilo 50, gashinsa kuma ninki biyu ne. Kare ba ya yin gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. To ka ɗauko wannan dabba ka ajiye a tsakar gida mai siminti a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, ga babu wuta. Na sha karɓar irinsu a asibitinmu na dabbobi, an ɗauko su a bayan mota, harshe ya zazzago ya yi duhu, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukar jiki. Wasu muna ceto su da ruwan randa da fanka, wasu kuwa kafin a sauke su rai ya yi halinsa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne sarƙa. Yawancin masu sayen manyan karnuka a garin nan tsari ɗaya suke bi: a ɗaure shi ko a kulle shi a keji wuni guda, a hana shi ganin kowa wai don ya yi zafi, sai dare a kwance shi. Wannan karen ba ya bambance ɓarawo da ɗan aike. Kuma ka dubi yadda gidajenmu suke. Almajiri zai leƙo da kwanonsa, mai garuwa zai shigo da jarkoki, matan unguwa za su zo barka, jikokinka za su ruga zaure da ƙwallo. Ranar da sarƙar ta tsinke ko mai gadi ya manta sakata, ɗaya daga cikin waɗannan zai fara tararwa, ɓarawon kuwa yana can yana barcinsa. Bakin kare mai kilo 50 in yana tsaye yakan kai saitin fuskar yaro ɗan shekara biyar. Kwikwiyo yana koyon su wane ne mutanensa a watanni uku zuwa huɗu na farko, saboda haka a lokacin ya kamata ya saba da yaran gida da baƙi da awaki da ƙarar babur, kana riƙe da shi, kullum a fita da shi safe da yamma. In babu mai wannan lokacin a gidanka, gara ka sa kuɗin a fitilar sola da waya a kan katanga.

Ciyarwa ma ba ta ƙanzo da ragowar tuwo ba ce. Yana buƙatar nama ko kifi ko abincin karnuka na buhu. Miyarmu cike take da albasa, ita kuwa albasa tana lalata wa kare jini, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya huda hanji. A raba masa abinci sau biyu a rana, kar ya yi guje-guje bayan ya ci, domin manyan karnuka masu faɗin ƙirji cikinsu yakan kumbura ya murɗe, cikin 'yan sa'o'i ya kashe su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ka lissafa kuɗin nan na shekara goma kafin ka biya na kwikwiyo.

Sai allura. Rigakafin cutar amai da zawon jini tun yana sati shida, na haukan kare yana wata uku, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana haɗa allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma in alamun suka bayyana babu magani. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kar a tsaya shafa gashin kare ko toka. Da damina kuma a riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska.

Ka taɓo batun addini. Fatawa ta malamai ce, amma an san hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama sun haɗa da na gadi in akwai buƙata, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Abin da zan tuna maka shi ne duk dabbar da ka tsare, cinta da shanta da inuwarta suna wuyanka.

In dai kare kake so, nemi na ƙasar nan. Karnukan mafarautanmu, ko Azawak na Buzayen Nijar da Mali, dogo siriri mai ɗan gashi, suna jure zafinmu, ga kunne ga haushi, kuma haushin ne ɓarawo ya fi tsoro tunda shi ke tada unguwa. Kafin ka biya, ka nemi ganin uwar kwikwiyon ka lura da halinta, ka karɓi katin allurarsa mai sa hannun likita, sannan ka zo mini da shi tare da wanda zai riƙa kula da shi kullum.

Wassalam,
Ɗan'uwanka, likitan dabbobi a Kano