Bukukuwanmu da Gidajenmu Sun Fara Zama Iri Ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne daga Marwa, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda al'adun ƙabilunmu suke narkewa suna komawa abu guda.

Bayan babbar salla na halarci bukukuwan aure uku, ɗaya na Hausawa, ɗaya na Fulani, ɗaya kuma na Kotoko da suka zo daga Kusiri, kuma da ba don na san iyayen amaren ba, da ban iya bambance wannan da wancan ba. Anko iri ɗaya, kwalliyar da aka kwaikwayo daga TikTok iri ɗaya, ga lasifika tana ta amo a inda a da ake jin kalangu da algaita. Shinkafar da aka shigo da ita daga Asiya ce a kowane faranti, da na tambayi tuwon muskuwari da miyar yakuwa kuwa, sai wata yarinya ta ce mini ai wannan abincin ƙauye ne, alhali wannan dawa da ake dasawa bayan damina a laka mai riƙe ruwa ita ta ciyar da kakanninta.

Duk wanda ya taɓa zuwa Pus, a bakin kogin Logon, ya san ɗakunan ƙabilar Musgum masu tsini, waɗanda ake ginawa da laka zalla, ba azara ba ginshiƙi, wasu har su kai mita 9. Zanen da ke jikinsu yana da aiki, domin shi ne matakalar mai gyara, kuma shi ke bai wa ruwan sama hanya, sannan cikin ɗakin yana da sanyi ko a tsakiyar bazara. Yau bulo da kwano sun mamaye garin. Ban ga laifin magidancin da ya gaji da yaɓe kowace shekara ba, amma abin da ke ba ni tsoro shi ne ranar da za a nemi maginin da ya iya wannan gini a rasa.

Batun harshe ya fi komai ciwo, kuma a nan wajibi ne mu Hausawa mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu daina ɗora laifin duka a kan Turawa. Kamaru na da harsuna fiye da 250, kuma Mafa da Giziga da Musgum da Kotoko duk dangin Hausa ne a wurin masana, cikin harsunan da ake kira na Chadi. Yaro ya sauko daga duwatsun Mokolo, ya yi Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa kuma a finafinan wayarsa, shi kuwa ɗansa idan ya tashi ko gaida kakarsa ba zai iya yi da harshenta ba. Harshenmu na cikin manyan kifayen da ke haɗiye ƙanana. Hatta Hausarmu ta nan, mai gauraye da kalmomin Fulatanci, samarinmu sun fara jin kunyarta suna kwaikwayon ta Kano.

Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ɗora wa gwamnati kare harsunan ƙasa da bunƙasa su, sai dai tsofaffinmu ba za su jira ba, kullum muna kai su makwanci. Saboda haka nake roƙon tasharku ta ware ko da rabin sa'a ne a mako, ku tura wakili Pus da Mokolo, ya tsallaka har Gawi kusa da Njamena inda mata ke ginin tukwane da zanen bango, ya naɗo muryoyin magina da makaɗa da masu tatsuniya. A fara sa muryar kowa da harshensa, a bar ta ta yi nisa, sannan fassarar Hausa ta biyo baya.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum,
daga Marwa, Kamaru