A kan na'urar radar da ke leƙen tirafik daga sama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni direban taksi ne a Nima, cikin birnin Accra. Yarona mai karatun injiniya ne ya zo min da labari wai a Jamus hukumar binciken sararin sama tasu, DLR, ta gwada ɗaura radar a jirgi don gano cunkoson motoci. Yace igiyar rediyo take harbowa ƙasa ta bugi abu ta koma, kwalta da yake shafaffiya ce sai ta fito baƙa a hoton, mota kuwa ƙarfe ce sai ta fito fes, wadda ke tafiya ma daga yadda igiyar da ta dawo ta canza ake gane gudunta. Kuma ba ruwanta da dare ko hadari ko hazon hunturu.

Da farko dariya nayi. Wa ke bukatar jirgi ya faɗa masa akwai tirafik a Kaneshie ko hanyar Kasoa ƙarfe 6 na yamma? Ranar Litinin minti 40 nayi a Madina Zongo Junction saboda trotro ɗaya, wato ƙaramar bas ta haya, da ya tsaya tsakiyar hanya, yaron motar ya rataya a ƙofa yana ta kiran Accra Accra, mai ruwan leda ta saida min sau biyu ban matsa ba. Radar zata ƙirga mu tsaf amma ba zata kama masa kunne ba.

Toh amma da na kwanta sai na tuna daren 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cinye Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, gidan mai ya kama da wuta, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Irin wannan daren kyamara ba ta ganin komai, kowa na tura mota cikin duhu bai san gaba ta toshe ba, anan ne abin nan zai yi rana wlh.

A 2019 jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suka fara kai jini asibitoci a ƙasar nan, don haka kar a ce mana ya fi ƙarfinmu. Roƙona dai in za a gwada a fara da damina, kuma labarin ya iso mana ta rediyo da Hausa da Twi da Ga, don yawancinmu ba ma duba taswirar waya muna tuƙi.

Naku,
mai karatu daga Nima, Accra