Ina Katolika Suka Samo Koyarwar Purgatori a Littafi Mai Tsarki?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata tambaya da ke tasowa a nan Zariya duk lokacin da watan Nuwamba ya kama, wato watan da mabiya ɗarikar Katolika ke yawaita yi wa mamatansu addu'a, musamman ranar 2 ga wata. Tambayar ita ce, a wace sura da wace aya ta Littafi Mai Tsarki aka ce akwai Purgatori? 'Yan'uwanmu na sauran ɗarikoki, daga Wusasa har Samaru, sukan yi ta da zafi, maƙwabtanmu Musulmi kuwa sukan yi ta domin neman sani. Ni ɗan Katolika ne, ba Fada ba, kuma abin da na fahimta shi ne koyarwar tana da tushe a Nassi, sai dai ginshiƙinta yana cikin wani littafi da ba kowane Kirista ne ya yarda hurarre ba ne, kuma muddin ba a faɗi wannan a fili ba, gardamar ba za ta taɓa zuwa ko'ina ba.

Ya kamata a fara sanin abin da Ikilisiya ta koyar, domin rabin musun a kan abin da ba ta faɗa ba ake yin sa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika wanda aka fitar a 1992, daga sakin layi na 1030 zuwa na 1032, ya bayyana cewa waɗanda suka mutu cikin alherin Allah da zumunci da shi, amma ba su gama tsarkaka ba, cetonsu tabbatacce ne, sai dai za a tsarkake su bayan mutuwa kafin su shiga murnar sama. Ya kuma ce wannan tsarkakewa, wadda ita ake kira Purgatori, ta sha bamban gaba ɗaya da azabar waɗanda suka hallaka. Ke nan wanda ya ƙi Allah har ya mutu ba shi da wata dama ta biyu a can, kuma duk wanda ya shiga Purgatori sama ce makomarsa. Ikilisiya ba ta ƙayyade kwanaki ko shekarun da ake yi ba, har ma Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya yi bayani a 1999 cewa hali ne da rai ke shiga, ba wani wuri da za a iya nunawa ba. Sunan kansa babu shi a Littafi Mai Tsarki, wannan gaskiya ne, amma haka ma sunan Triniti babu shi, kuma Kiristocin da ke yi mana tambayar sun yarda da Triniti.

Nassin da ya fi kowane fitowa fili yana cikin Littafin Makabiyawa na Biyu, sura 12, daga aya 38 zuwa ƙarshen surar. A ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu, Yahuza Makabi, jagoran Yahudawa a yaƙin da suka yi da sarakunan Girkawa na Suriya, ya gwabza da rundunar Gorgiyas, aka kashe waɗansu daga cikin mayaƙansa. Da suka gama kiyaye Asabar a garin Adullam, suka koma kwashe gawawwakin domin a binne su, sai suka tarar a ƙarƙashin rigar kowane mamaci akwai layun gumakan Yamniya, abin da Shari'ar Musa ta haramta wa Bayahude. Yahuza da mutanensa suka duƙufa ga addu'a cewa a shafe wannan zunubi, sa'an nan ya tara gudummawar azurfa dirakma 2,000, ya aika Urushalima domin a miƙa hadayar zunubi. Marubucin littafin bai tsaya ga ba da labari ba, ya yaba wa Yahuza, ya ce da ba don yana sa ran tashin waɗanda suka faɗi ba, da yi musu addu'a ya zama aikin banza, ya kuma kira abin da ya yi tunani mai tsarki, domin a 'yantar da matattun daga zunubinsu.

Hujjar da Katolika ke cirowa daga nan mai sauƙi ce. Wanda ke sama ba ya bukatar a roƙa masa gafara, wanda ke wuta kuma roƙo ba zai fisshe shi ba, to idan addu'a da hadaya suna amfanar mamaci, dole ne akwai wani hali da mamacin ke ciki wanda taimako ke iya kai masa. Akwai masu cewa ai ɗaukar layun gumaka babban zunubi ne, wanda bisa koyarwar Katolika kanta ya fi ƙarfin Purgatori. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, amma Yahuza bai san zuciyar waɗannan mutane ba a lokacin da rai ke fita, kamar yadda mu ma ba mu san ta mamatanmu ba, kuma marubucin ya danganta begensa da ladan da aka tanadar wa masu mutuwa cikin tsoron Allah.

To, me ya sa Kirista Bahaushe zai buɗe Littafinsa ya nemi Makabiyawa ya rasa? Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, na Furotesta kuwa 66, kuma bakwai ɗin da suka bambanta su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na Ɗaya da na Biyu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Likita Walter Miller na mishan ɗin Angilikan a nan ƙasar Zazzau ya yi wa aiki tuƙuru, ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ce ta buga shi, ita kuwa tun 1826 ta yanke shawarar daina sa waɗannan littattafai a bugunta. Saboda haka iyaye da kakanni da yawa sun tashi ba su taɓa ganin wannan sura ba, ba mamaki in suka ɗauka ƙirƙirar ta aka yi.

Amma littattafan sun girmi wannan shawara nesa ba kusa ba. Suna cikin tsofaffin kwafe-kwafen Tsohon Alkawari na Girkanci da Kiristocin farko suka yi amfani da su, kuma tarukan bishop-bishop na Hifo a 393 da Kartej a 397, dukansu a Afirka ta Arewa, sun lissafa littattafan Makabiyawa biyu cikin Nassi. Idin Tsarkakewar Haikali da Yesu ya halarta a Yohanna 10:22, labarin kafuwarsa a littattafan Makabiyawa yake. Adalci ya sa in faɗi cewa Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya fifita jerin littattafan Ibrananci, wanda babu Makabiyawa a cikinsa, kuma a kan wannan ra'ayi Martin Luta, jagoran Furotesta na farko, ya tsaya a muhawarar da ya yi da Yohanna Ek a birnin Laifzig a 1519, inda aka kawo masa wannan sura ya ce littafin ba ya cikin Nassi. A Littafinsa na Jamusanci na 1534 ya ware su wuri guda, taron bishop-bishop na Katolika a Tirento kuma ya tabbatar da su cikin Nassi a 1546. Ikilisiyar Angilikan ta bi tsakiya, domin ƙa'ida ta 6 cikin ƙa'idodinta 39 ta yarda a karanta su domin koyon zaman kirki ba domin kafa koyarwa ba, ƙa'ida ta 22 kuma ta yi watsi da Purgatori kai tsaye.

A Sabon Alkawari, inda ba mu da saɓani a kan littattafai, nassin da ya fi ƙarfi shi ne 1 Korintiyawa 3:11-15. Manzo Bulus ya ce harsashi ɗaya ne, Yesu Almasihu, amma masu gini a kansa waɗansu da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja suke gini, waɗansu kuma da itace da ciyawa da kara, kuma Ranar nan za ta bayyana aikin kowa, domin wuta za ta gwada shi. Wanda aikinsa ya tsaya zai sami lada, wanda nasa ya ƙone zai yi hasara, amma shi kansa zai tsira, kamar wanda ya ratso ta wuta. A lura da wannan mutum na biyu: harsashinsa daidai ne, cetonsa bai salwanta ba, amma sai da ya yi hasara ya kuma ratsa wuta kafin ya isa. Malaman Furotesta sukan amsa cewa Bulus yana magana ne a kan masu wa'azi da aikinsu, kuma abin da wutar ke ci aiki ne ba mutum ba. Na yarda maganar ta taso ne daga batun Bulus da abokin wa'azinsa Afolos, amma Bulus ya ce aikin kowa, kuma ban ga yadda za a ƙone aikin da mutum ya ƙare rayuwarsa a kai ba tare da abin ya taɓa shi ba. Fafaroma Benedik na 16, a wasiƙarsa ta 2007 a kan bege, ya kawo fahimtar waɗansu masana tauhidi cewa wutar nan Almasihu ne da kansa, wanda haɗuwa da shi ke narkar da duk ƙarya da ke jikin mutum, kuma a ganina wannan ya fi kusa da maganar Bulus fiye da zane-zanen tanderu da aka saba gani.

Sai Matiyu 12:32, inda Yesu ya ce wanda ya saɓi Ruhu Mai Tsarki ba za a gafarta masa ba, ko a wannan zamani ko a mai zuwa. Fafaroma Girigori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya fahimta daga nan cewa akwai laifuffukan da ake gafartawa a zamani mai zuwa, in ba haka ba ambaton sa bai da amfani. Fahimta ce mai ma'ana, ko da yake mai musu yana iya cewa Yesu yana nufin har abada ne kawai, kamar yadda Markus 3:29 ya kawo maganar. Misalin kurkukun da ba a fita sai an biya anini na ƙarshe a Matiyu 5:26, da addu'ar da Bulus ya yi wa Onisifaras a 2 Timoti 1:18, ba na son mu riƙa dogara da su, domin na farko misali ne a kan sulhu, na biyu kuma Nassi bai faɗa ƙarara cewa mutumin ya mutu ba.

Abin da ya ɗaure waɗannan nassoshi wuri guda shi ne Ru'ya ta Yohanna 21:27, wadda ta ce babu wani abu marar tsarki da zai shiga birnin Allah, da Ibraniyawa 12:14, wadda ta ce ba mai ganin Ubangiji sai da tsarki, da 1 Yohanna 5:16-17, wadda ta raba zunubin da ke kai ga mutuwa da wanda ba ya kaiwa. Yawancinmu za mu mutu muna masu bi, amma da sauran ƙullaci da rowa da son girma a zuciya. Yaron da ya dawo daga gona caɓe-caɓe da laka ɗan gida ne, ba mai korar sa, amma sai ya wanke ƙafa kafin ya taka tabarmar mahaifinsa. Masu kawo mana maganar Yesu a kan gicciye cewa an gama, ina tabbatar musu ba mu ce jininsa ya gaza ba, domin da shi ɗin ake yin wankan. Ɓarawon da aka yi wa alkawarin Firdausi a ranar, a Luka 23:43, shi ma bai rushe koyarwar ba, tunda Ikilisiya ba ta taɓa cewa dole kowa ya bi ta Purgatori ba.

Al'adar Kiristocin farko ta nuna yadda suka karanta waɗannan nassoshi, kuma shaidu biyu mafi shahara 'yan nahiyarmu ne. Tartuliyan na Kartej, a farkon ƙarni na 3, ya rubuta cewa Kiristoci suna miƙa hadaya domin matattu duk shekara a ranar zagayowar rasuwarsu. Monika, mahaifiyar Agustin bishop na Hifo, da take jinyar ajali a Ostiya a 387, ta gaya wa 'ya'yanta kada su damu da inda za su binne ta, su dai tuna da ita a bagaden Ubangiji. An daɗe ana wannan kafin tarukan Liyon a 1274, Filorans a 1439 da Tirento a 1563 su tsara koyarwar a rubuce. Kiristocin Otodoks na Gabas har yau suna yi wa matattu addu'a, amma ba su karɓi batun wutar tsarkakewa yadda Yamma ta bayyana shi ba, kuma wannan ya kamata ya sa mu Katolika mu yi taka-tsantsan wajen faɗin abin da ya wuce Nassi.

Cinikin takardun sassauci, wato takardun rage horon zunubi, da ya harzuƙa Luta a 1517 abin kunya ne, kuma taron Tirento da kansa ya umarci bishop-bishop su hana camfi da neman kuɗi da sunan Purgatori, Fafaroma Fiyus na Biyar kuma ya soke duk wani sassauci da ke haɗe da biyan kuɗi a 1567. Ga maƙwabtanmu Musulmi kuwa, yi wa mamaci addu'a ba baƙon abu ba ne, tunda a Zazzau ba a ambaton wanda ya rasu ba a ce Allah Ya ji ƙansa ba, amma ina jan hankali kada a haɗa Purgatori da barzahu, domin barzahu zaman jiran kowane mamaci ne har tashin ƙiyama, Purgatori kuwa na waɗanda aka riga aka ceta ne kaɗai.

Malam Edita, ina roƙon ka ba wani malami na Angilikan ko na ECWA fili irin wannan, ya bayyana wa masu karatu dalilin da ya sa ya ɗauki jerin littattafan da Jerom ya fifita ya bar wanda tarukan Hifo da Kartej suka lissafa, ya kuma gaya mana yadda yake fahimtar mutumin nan na 1 Korintiyawa 3:15 da ya tsira ta wuta.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu,
Sabon Gari, Zariya.