Wasiƙa zuwa ga aminina a kan gudun motar rimot

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan gefen Ringim lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama. Inna tana gaishe ka.

Na ga hoton moto da batirin da ka ce za ka saya wa motarmu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma don Allah dakata, kar ka biya kuɗin tukuna, ka saurare ni. Na san bidiyon turawan nan ne ya ɗauke ka, irin su Nic Case da motarsa ta haura kilomita 320 a awa a Amurka a 2014. Shi a miƙaƙƙen titi ya yi. Mu kuwa ka san filinmu, fakon bayan firamare, inda muke jera tsofaffin tayoyi ranar Juma'a bayan la'asar. Miƙaƙƙen wurin bai fi taku 50 ba, sauran duk kwana ne da ƙura. A irin wannan fili mai cin tsere shi ne wanda motarsa ba ta yi sanyi a zagayen ƙarshe ba, kuma abin da ke sanyaya ta zafi ne.

Batirin da ka nuna mini 3S ne, wato sel uku, bolt 11.1. Namu 2S ne, bolt 7.4, in ya cika 8.4. Moton da ke jikinta an rubuta masa 3300KV, ma'ana kowane bolt yana ba shi juyi 3,300 a minti in ba kaya a kansa. Da 2S juyi 24,420 ke nan, da 3S kuwa 36,630. A takarda abin daɗi ne. A ƙasa kuwa taya za ta yi ta walagigi tana tona ƙura, mota ta juya baya a kwanar farko, moto ya ɗau zafi. In wutar da ke bin waya ta ninka, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa. Ga watan Afrilu na tafe, lokacin da ko a inuwa muke haura digiri 40. Maganaɗisun da ke cikin moton nan, in ya wuce wajen digiri 80 ƙarfinsa raguwa yake, kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Shi ya sa duk zagaye in an tsaya nake ɗora yatsa a jikin moto. In ban iya barin yatsan na ɗan daƙiƙu ba, to ranar an gama.

Abin da nake so ka nema shi ne 2S mai kyau, mAh 5000 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka), wanda aka rubuta wa 50C ko sama. Kar ka ɗauki lambar C ɗin nan kamar aya, masu sayarwa suna ƙara mata gishiri, amma dai tana nuna batirin da ba ya durƙushewa in an matsa masa. Na gani da idona a motar yaron nan ƙanen mai shayi. Ya farke tsohon batirin kwamfutar cinya, ya ciro sel biyu irin 18650 ya haɗa. Mita ta nuna 8.4 cif, yana ta murna. Yana matsa rimot motar ta zabura, ta yi tsit, ta sake zabura. Na riƙe mita a jiki aka matsa, sai ga lamba ta zube ƙasa da 6. Sel ɗin kwamfuta an yi shi ne ya ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci, amfiya 5 ma ya ishe shi nauyi, alhali moto in zai tashi gommai yake zuƙa. Sel ɗin batirin injin huda bango sun fi, akwai Samsung 25R mai ba da amfiya 20. Yaron yana da kai ƙwarai, ina so in ka samu ka haɗo masa guda biyu.

Sai wurin da kowa ke rainawa, wato mahaɗin waya. Farar robar nan da ke zuwa da ƙananan motoci, bayan tsere ka taɓa ta za ka ji ɗumi, wani lokaci har ta fara narkewa. Wannan ɗumin gudu ne da ya zube a hanya. Kamar ka samu injin ban-ruwa mai inci uku ne ka sa masa tiyon inci ɗaya. Na yanke ta, na sa XT60 mai ruwan ɗorawa, na rage tsawon waya, na liƙa da dalma sosai har ta yi ƙyalli. Ko kwabo ban kashe a moto ba, amma kowa ya ga bambancin tashinta.

Haka boris. Ƙafafun motar nan bushin na roba ne a ciki, wato zobe kawai marar ƙwallaye. Ka ɗaga ta ka murza taya da hannu, juyi kaɗan ta tsaya. Da boris sai ta yi ta tafiya. Ƙurarmu dai tana cin su, don haka ka nemi masu murfin roba, in wanke in ɗiga mai.

Giya ita ce inda nake so mu yi wasa a hankali. Babbar tana da haƙori 87, ƙaramar da ke kan moto 18. In aka koma 20, gudun ƙarshe zai ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, amma tashi zai yi nauyi, zafi ya ƙaru. Da sanyin hunturu 20 za ta yi. Da bazara 18 ce, wataƙila ma 17. Saboda haka ka sayo 17, 19 da 20, ka tabbata girman haƙorinsu ya dace da na babbar. Wajen ɗaurawa ina sa 'yar takarda tsakaninsu in matse, in zare, don kar su ciji juna.

Maganar caji kuwa ba wasa. Cajar iMAX B6 tana aiki da batirin sola na shago mai bolt 12, ba ruwanmu da jiran wuta. Kowane sel 4.2 ne iyakarsa, kar ya sauka ƙasa da 3, in za a ajiye kwanaki a bar shi wajen 3.8. A cikin tukunyar ƙasa mai yashi nake caji, a tsakar gida, nesa da dannin kara, ina zaune a gefe. Batirin LiPo, wato irin na motocin nan, in ya kumbura ba a huda shi, ba a sake caja shi, domin wuta yake kamawa. Yara suna kallonmu suna kwaikwaya, wannan yana cikin abin da ya sa ba na son 3S ya shigo garin nan yanzu.

In ka haɗa kayan, ka ba direban da ke zuwa Kano, zan shiga in karɓa in biya Sabon Gari in sayo dalma. Batirin a naɗe shi daban, a rufe bakin wayarsa da salatif, kar a sa shi kusa da injin mota. Ka faɗa mini abin da ka kashe, mu raba.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka