A gyara yadda ake cike lambar cutar jijiyoyin baƙin ido a takardun inshora

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida taka mai farin jini, mu yi tsokaci kan wani abu da ake rainawa a asibitocin ido, alhali yana jawo wa marasa lafiya kai-komo, wani lokaci har da asarar gani. Abin kuwa shi ne lambar cuta da ake cikewa a takardar neman biya daga kamfanin inshorar lafiya, musamman lambar cutar jijiyoyin jini na baƙin ido.

Baƙin idon da muke nufi shi ne zoben nan mai launin ƙasa-ƙasa da ya kewaye ɗan ramin da haske ke shiga, wanda likitoci ke kira ayiris. Idan tantanin bayan ido, wato ratina, ya daɗe ba ya samun isasshen jini, sai ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna VEGF da ke sa sabbin jijiyoyi su tsiro. Sinadarin na malalowa gaba, jijiyoyin su fara bayyana a bakin ramin kamar siririn jan zare, su bazu a kan zoben barkatai, su gangara kusurwar da ruwan ido ke fita. Da sun toshe wannan magudana, ƙarfin ruwan ido da ya kamata ya tsaya tsakanin 10 da 21 sai ya haura 40, har 50. Daga nan an shiga gilakoma mafi wuyar magani, ido ya yi ja, ya yi tauri, ciwo ya hana barci. Manyan musabbabai uku ne: ciwon suga da ya cinye ratina, toshewar babbar jijiyar da ke kwashe jini daga ratina, da ƙuntatar jijiyar wuya da ke kai jini ido. Na biyun nan yakan kai ga gilakoma cikin kimanin wata uku, shi ya sa likitoci ke masa laƙabi da gilakomar kwana 90.

To, ga inda gizo ke saƙar. Littafin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya ba wannan cuta H21.1, a nan ya tsaya, bai damu da wane ido ba ne. Amurka kuwa tana da nata gyararren littafi, ICD-10-CM, da ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015, kuma a cikinsa H21.1 kan babi ne kawai, ba a biya da shi. Sai an rubuta H21.1X1 idan idon dama ne, H21.1X2 na hagu, H21.1X3 idan duka biyun ne, H21.1X9 idan ba a bayyana ba. Harafin X ɗin nan ciko ne da ke riƙe gurbi, amma ba a yar da shi. Wanda ya ga kamar ba shi da amfani ya rubuta H21.11, ya rubuta lambar da babu ita a ko wane littafi.

Magatakardan da ke cike takarda a Kano ko Kaduna yakan ɗauko waya ya nemi sunan cutar a intanet, abin da zai fara fito masa kuwa yawanci na Amurka ne. Idan kwamfutar kamfanin inshora littafin Hukumar Lafiya ta Duniya aka ɗora mata, za ta ƙi H21.1X2 don ba ta san ta ba. Idan na Amurka aka ɗora mata, za ta ƙi H21.1 don ba ta cika ba. Duka ɓangarorin suna cewa "ICD-10 muke amfani da shi", kowa da gaskiyarsa, takarda kuma ta dawo.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne aika H21.1 ita kaɗai. Jijiyoyin baƙin ido alama ce, tushen ciwon yana can baya. Maganin ma can ake yi: a yi allura cikin ido da magani irin su bevacizumab, miligiram 1.25 a cikin mililita 0.05, jijiyoyin su janye cikin 'yan kwanaki, sannan a bi da hasken leza a ƙone gefen ratina, ɗigo 1,200 zuwa 1,600 ko fiye, don a rage fitar sinadarin. Idan allura kaɗai aka yi ba leza, jijiyoyin na dawowa bayan 'yan makonni. Yanzu mai tantance takarda ya ga ana neman kuɗin lezar ratina, lambar cutar kuma ta baƙin ido ce. Ciwo a gaba, aiki a baya. Ba laifinsa ba ne idan ya ce a yi bayani. Idan mai ciwon suga nau'i na biyu ne, a littafin Hukumar Lafiya ta Duniya E11.3 ce a gaba, H36.0 ta bi ta, sannan H21.1. Idan toshewar jijiyar ratina ce, H34.8. Idan gilakoma ta riga ta kama, a ƙara H40.5. A littafin Amurka ciwon suga da lalacewar ratina da ido duk an cusa su a lamba guda: E11.3591 na nufin ratinar dama ta tsiro da jijiyoyi ba tare da kumburin tsakiyarta ba, E11.3511 kuma da kumburin. Can ba a buƙatar H36.0 ko kaɗan, don haka haɗa E11.3591 da H36.0 gauraya littattafai biyu ne a takarda ɗaya.

Maƙwabciyar lambar, H21.0, ita ma akwai tarko a cikinta. Ita ce ta taruwar jini a gaban baƙin ido, wanda idan mara lafiya ya zauna a miƙe za ka ga jinin ya kwanta a ƙasa da layi ɗoɗar kamar ruwa a kofi. Amma H21.0 ta jinin da ya zubo da kansa ce, misali sabbin jijiyoyin nan suka fashe, kuma a nan ana rubuta ta tare da H21.1. Yaron da dutsen danƙo ya buge shi, ko ɗalibin da bakin bulala ya kama idonsa, ko makiyayin da saniya ta tunkuya, nasu rauni ne, lambarsu S05.1, littattafan biyu kuma sun fito fili sun cire su daga H21.0. Wani abin lura, a littafin Amurka H21.0 ba ta da X: H21.01 dama, H21.02 hagu, H21.03 duka biyu, wanda ba a bayyana ba kuma H21.00, da sifili maimakon tara. Lambobi biyu a jere, tsari daban-daban. Wanda ya haddace ɗaya ya auna ɗayar da ita zai faɗa rami.

A ƙasar da sikila ta yawaita irin tamu, duk takardar da ke ɗauke da jini a gaban ido ya kamata ta nuna ko mutum na ɗauke da sikila, D57.1 ga mai sikila, D57.3 ga mai AS. Wannan ba ƙawa ba ne. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe sun fi saurin toshe magudanar ido, ko da jinin kaɗan ne, ko da mutum AS ne kawai, kuma maganin rage ƙarfin ido da aka saba bayarwa, acetazolamide, yana iya ƙara lanƙwasa su. Irin wannan mara lafiya ana dawo da shi awo akai-akai, ana kuma saurin shiga da shi tiyata a wanke jinin. Babu lambar sikila a takarda, sai yawan zuwan nasa ya zama kamar asibiti na neman cin kuɗi.

Likitoci ma suna da nasu kaso. Magatakarda abin da ke fayil yake fassarawa, ba ya duba ido. Idan likita ya ja "NV", wato taƙaitaccen sunan tsirowar sabbin jijiyoyi, da rubutun nan nasu na gaggawa ya wuce, ba a san ko baƙin ido ba ne, ko ratina, ko farfajiyar gaban ido wadda lambarta H16.4 ce, wata cuta daban. A rubuta NVI idan baƙin ido ne, a faɗi ido, a faɗi musabbabi, a sa adadin ƙarfin ido na ranar, a nuna ko an duba kusurwa da gilashinta. Kuma a duba kafin a ɗiga maganin buɗe ido, domin da ramin ya buɗe, ƙananan jijiyoyin bakinsa sai su ɓuya, balle a ido mai duhu irin namu da ganinsu ke da wuya tun asali. Jijiyoyin da suka kumbura saboda kumburin baƙin ido kuwa, waɗanda ke tafiya a miƙe daga tsakiya zuwa gefe, na asali ne, suna ƙarƙashin H20, bai kamata a ba su H21.1 ba.

Tun watan Mayun 2022 doka ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowa, sannan a 2025 hukumar ta umarci kamfanonin inshorar lafiya, wato HMO, su riƙa ba da lambar amincewa cikin awa ɗaya. Madalla. Sai dai awa ɗayan nan na tafiya ne idan takardar da aka aika ta karantu. Roƙonmu ga NHIA da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi shi ne su fitar da sanarwa a rubuce cewa ga littafin da za a bi, na Hukumar Lafiya ta Duniya ko na Amurka, a buga sunansa a saman kowace takardar neman biya. Idan na farkon aka zaɓa, a ƙara gurbin dama ko hagu a fom, tunda lambar ba ta ɗauke da shi, kada mutum ya zo da ido na biyu a ce an riga an biya. A kuma saka H21.1 cikin lambobin gaggawa da ake fara magani kafin amincewa ta iso. ICD-11, sabon littafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara aiki tun 1 ga Janairu 2022, kuma lambobinsa ba su yi kama da waɗannan ba, saboda haka gara a tsayar da magana ɗaya yanzu kafin littafi na uku ya shigo asibitocinmu.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sashen adana bayanan marasa lafiya,
Kaduna.