Shawarar a sayi dala ba ta mu masu sefa ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, arewacin Kamaru, ina sayar da atamfa da abaya da kayan yara. Duk lokacin da aka yi maganar tafiya waje a jaridun Hausa, shawara ɗaya nake gani: ka canza kuɗinka zuwa dalar Amurka tun daga gida. Ga mai naira wannan daidai ne. Amma masu karanta ku ba duka ne ke riƙe da naira ba, akwai mu a Garwa da Marwa da Ngaundare da Njamena, kuma lissafinmu daban yake.

Sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, kuma har yau ba ta gusa ba. Wato yuro 100 jaka 65 ne da 'yan ɗari shida, yau da gobe da baɗi, sai dai ladan da banki ko ɗan canji zai ɗora. Dala kuwa hawa da sauka take yi a kanmu. Wanda ya sayi dala a Garwa, ya je ya mayar da ita kuɗin wata ƙasa, ya dawo da ragowa ya sake mayarwa sefa, an yanke shi sau uku, kuma bai san farashin da zai tarar ba ranar dawowa. Ragowar yuro kuwa ka san abin da ke aljihunka tun kana cikin jirgi. (Kalmar ma kanta rikici ce a nan. Mu dala sefa biyar ce. Na taɓa ce wa mahaifiyata na sayi dala ɗari biyar, ta ce to me jaka biyu da rabi za ta yi maka a ƙasar mutane?)

Bara na je Santambul saro kaya, na bi jirgin ƙasa na dare daga Ngaundare zuwa Yawunde, daga can na tashi. Na raba guzurina biyu, kuma a nan zan yi wa dala adalci: dillalan unguwar Laleli da na yi ciniki da su da dala suka yi mini farashi, don haka kuɗin saro dala na riƙe. Haka ma mai zuwa Umra ko Dubai, tunda riyal da dirhami da dala aka ɗaure su, riyal 3.75 a dala ɗaya. Amma kuɗin masauki da abinci da yawon buɗe ido yuro na ɗauka, ina canzawa zuwa lira, kuɗin Turkiyya, kaɗan-kaɗan, na kwana biyu ko uku, domin lira kullum ƙasa take yi. A filin jirgi na canza na mota kawai, farashin can ba ya da daɗi. Kada kuma mutum ya yarda a haɗa shi da takardar yuro 500, an daina fitar da ita tun 2019 kuma da wuya mai shago ya karɓa, ko tsohuwar dala ɗari mai ƙaramin kai.

Inda na sha ƙasa shi ne katin yawon buɗe ido. Ɗan ƙanena mai wayar zamani ya nuna mini wani kamfani a intanet, kati ɗaya na kwana biyar, wurare fiye da yadda zan iya ƙirgawa, har da yawo cikin jirgin ruwa. Na ga araha, na biya sama da yuro ɗari tun ina Garwa. Ban tsaya na tambayi kaina ba: ni da na zo saro kaya, yaushe zan ga wurin nan duka? Kwanakin katin a jere suke tafiya daga ranar da ka fara amfani da shi, ba ruwansu da cewa ka wuni wurin masu ɗaure kaya kana jiran a auna maka buhuna. Ranar da na samu sarari, Talata ce, na hau taragon lantarki zuwa fadar Topkapi, inda sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400, kuma inda aka ajiye kayan tarihin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. Na tarar da ƙofa a rufe. Ashe duk Talata ba a buɗewa. Washegari na koma na shiga, alhamdu lillahi, amma a kwana biyar ɗin nan wuri biyu kacal na shiga da katin. Da a bakin ƙofa na biya da na rage kuɗi mai kauri.

Abin da ya fi ba ni haushi, wuraren da suka fi taɓa zuciyata ko sisi ba a karɓa. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, kyauta. Masallacin Sulaimaniyya, kyauta. Kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari a unguwar Ayyub, inda na yi sallar asuba ta Juma'a cikin cinkoson da ban taɓa zato ba, kyauta. Aya Sofiya da aka gina a 537, aka mayar da ita masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi, sannan ta koma masallaci a 2020, na yi azahar a ciki. Katin da ya biya ni da gaske shi ne ɗan katin sufuri na birnin, Istanbulkart, wanda ake zuba wa lira a na'ura. Da shi na hau tarago da bas, da shi na tsallaka ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, daga Turai zuwa Asiya, a kuɗin da bai kai na farantin abincin rana ba.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake kawo shawarar tafiya, ku ware mana sakin layi ɗaya mu masu sefa, ku kuma tuna wa jama'a cewa ko sefar ma iri biyu ce. Tamu ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ba a cefane da ita a kasuwar Maraɗi ko Yamai, duk da darajarsu ɗaya, sai an bi ta hannun ɗan canji ya ci nasa.

Naku,
Mai karanta ku daga Garwa, Kamaru